Idan Wasa Ya Taɓa Ido

Mai gida, kaka ta yi, yara sun cika dandali. Ga masu tamaula, ga masu langa, ga 'yan dambe, ga ƙanana da danƙo da kibiyar kara. Wasa yana ƙara lafiya, amma yakan ci ido. A ɗakin magani muna ganin idanun da duka bai kashe ba, sai abin da aka yi musu a gida.

Raunin ido iri uku ne.

Na fari, ƙasa ko ƙaiƙayi ya faɗa ciki. Kada yaro ya murza. A zuba ruwa mai tsabta da yawa har abin ya fita. In ya kwana yana suka, a tafi asibiti.

Na biyu, duka, watau na tamaula, ko dunƙule, ko dutsen danƙo. Duba da kyau. In ka ga jini ya kwanta a gaban baƙin ido, jijiya ta fashe a ciki. Jinin nan yakan sake ɓallewa cikin kwana 5 na farko, kuma na biyun ya fi muni. A hana yaro gudu, ya kwanta da kansa a bisa, a kai shi asibiti ran nan. Kada a ba shi asfirin, gama yana ƙara zubar jini. Wanda ya riƙa ganin walƙiya, ko kamar an saki labule a gefen ganinsa, ko bayan makonni ne, shi ma a hanzarta.

Na uku, huda, ta tsinke ko sillen kara. Kada a zare, kada a danna, kada a wanke. A kifa ɗan ƙoƙo mai tsabta a kan idon yadda ba zai taɓa shi ba, a ɗaure, a kama hanya.

Uwar gida, ban da ɗiga nono, ko ruwan ganye, ko fitsari, ko sa kwalli. Su ne ke kai ƙwayoyin cuta cikin rauni, ido ya ruɓe ko ya yi hakiya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Aikin da ya fi ƙarfinmu mukan tura shi babban asibiti, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ko Asibitin Ido na ECWA a Kano. Amma likita ba ya iya mai da idon da ya riga ya mutu. Saboda haka kada ka jira ranar kasuwa. Ka kuma hana yara auna juna da danƙo ko kibiya, ko da wasa.