Laƙabi da Rarraba Wasiƙun Imel

A shekarar 2007 Allah ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar rasuwa, aka naɗa Umar Faruk Umar. Duk da haka, takardar da aka aika wa "Sarkin Daura" ba ta ɓata ba, domin sarautar aka nufa, kuma fadawa sun san mai riƙe da ita.

Haka kwamfutar da ke rarraba imel a makaranta take aiki. A manhajoji irin su Sendmail da Postfix akwai wani fayil mai suna /etc/aliases, inda ake jera laƙabi da sunan mai shi. Idan aka rubuta "shugaba: audu", duk wasiƙar shugaba akwatin Audu za ta faɗa. Laƙabi ɗaya, kamar "malamai", yana iya ɗaukar mutum goma. Bayan kowane gyara dole a ba da umarnin newaliases, in ba haka ba kwamfuta da tsohon jeri za ta ci gaba.

Sakaci a nan abin tsoro ne. Malamin jarrabawa ya bar aiki, ba a cire sunansa ba, sai tambayoyin da ake ɓoyewa su riƙa zuwa masa.