Ɗan Wa Ke Nan? Jatan Lande a Akwatin Gilashi

Ranar da ɗan jatan lande ya fito daga ƙwai, tsawonsa bai wuce milimita 2 ba, jikinsa garai-garai, har ana hango abin da ya ci. Mai kiwon kifin ado yakan wayi gari ya ga wasu ɗige-ɗige na motsi a cikin gansakuka, ya dawo da fitila ya duba da kyau, sai ya ga ashe 'ya'ya ne. Wataƙila kala uku ya zuba a akwatin, wataƙila kuma ƙananan sun biyo ciyawar ruwan da ya sayo. To, ɗan wa ke nan?

Mutane sukan fara da launi, nan kuwa ake ɓata. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Jan nan da ya cika shagunan kifin ado na duniya, Neocaridina davidi, asalinsa daga Taiwan da ƙasar Sin yake, kuma a rafinsu ba ja ba ne, ruwan ƙasa ne mai dishi-dishi. Masu kiwo ne suka yi ta zaɓe har suka fitar da ja, da rawaya, da shuɗi. Idan aka gwama kalolin a wuri guda, jikoki kan koma launin kakanni. 'Ya'yan kuma ba sa nuna launi sosai sai sun tasa, ga shi tsoro ko farin yashi kan sa ko babba ya koɗe.

Ni a ganina tambayar farko ita ce: wace uwa ce za ta iya haihuwa a wannan ruwan? Amsar tana ƙarƙashin cikinta, inda take rungume da ƙwai tana yi musu fifita da ƙananan ƙafafun iyo. Macen Neocaridina kan ɗauki ƙwai 20 zuwa 30, manya-manya, ta yi kamar mako uku da su, sannan 'ya'yan su fito da kamannin uwa sak, su kama kiwo nan take. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma Caridina multidentata, wanda ake kira da sunan Takashi Amano, ɗan Japan ɗin da ya yaɗa kiwonsa, ƙwansa ɗaruruwa ne, ƙanana ƙwarai. Abin da ke fitowa ciki ko kama da uwar bai yi ba, shawagi kawai yake, yana jiran ruwa ya tafi da shi bakin teku. Idan bai samu ruwan zartsi ba, cikin 'yan kwanaki zai mutu. Saboda haka ɗan da ka gani yana tafiya da ƙafafunsa a akwatin ruwan daɗi ba na Amano ba ne, ko da Amano goma ne a ciki.

Sai hannu. Nan ya kamata a ɓata lokaci, domin nan ne kuskure ke cin rai. A ɗauki hoto da waya a buɗa shi, a dubi ƙafafun gaba. Dangin Neocaridina da Caridina hantsakinsu gajeru ne, da tuntun gashi a baki, shi ya sa kullum za ka gan su suna tsince-tsince ba hutu, suna share gansakuka suna kaiwa baki. Ba sa taɓa kifi mai rai. Idan kuwa ka ga ƙafa ta biyu ta fi sauran tsawo, hantsakinta tsirara ba gashi, ga ƙahon goshi dogo mai haƙora sama da ƙasa, to ka yi hattara, mai yiwuwa ɗan Macrobrachium ne. Yana ƙarami yakan saje da wasu fararen jatan lande marasa faɗa, har masu shago su sayar da shi a matsayinsu. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, wadda ba za ta yi ba ma haka. Hannun nan girma zai yi ta yi, da dare ya riƙa kama ƙananan kifi suna barci. Wani daga danginsa, Macrobrachium rosenbergii na kudancin Asiya, yakan kai santimita 30.

Akwai abin da ke tsinka zuciyar sabon mai kiwo ba dalili: saɓa. Jatan lande ba ya girma sai ya tuɓe ɓawonsa, ƙananan ma a kai a kai suke yi. Ɓawon fari ne, fanko, a tsage ta bayan wuya. Wanda ya mutu kuwa jikinsa kan yi ja-ja kamar an dafa shi. A bar musu saɓar, cinyewa suke yi su mayar da sinadarin da ke ƙarfafa sabon ɓawo.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke ɗaukar wannan duka kamar kayan baƙi. Yawancinmu a Arewa busasshe muka san jatan lande, wanda ake kawowa daga Kudu a daka a zuba a miya. Alhali ɗaya daga cikin waɗanda Turawa ke nema ido rufe namu ne. Atya gabonensis, wanda aka rubuta bayaninsa tun 1875, yana rayuwa a kogunan Afirka ta Yamma daga Senegal har Gabon, ana samun sa a kogunan Kwara da Binuwai, masunta na kama shi a tsakanin duwatsu wajen Makurɗi. Yakan kai santimita 15, wani shuɗi, wani ruwan toka. 'Yan kasuwar waje sun laƙaba masa sunan mai shan jini saboda kaurin ƙafafunsa masu ƙaya, wannan kuwa ƙazafi ne. Da su yake maƙale dutse kada ruwa ya ja shi. Hannayensa huɗu gashi ne zalla, yakan fuskanci inda ruwa ke gudu ya baza su kamar faifai, ya tare ɗan abin da ruwan ya kawo, ya naɗe ya kai baki. Tun yana ƙarami wannan zaman ne ke tona shi. Idan ka gan shi yana sharar ƙasa da hannayen, yunwa ce, ruwan akwatin ya yi tsabta da yawa ko ba ya gudu.

Shi ma mai dogon hannun da muke kora daga akwati, kada a yi masa hukuncin gaggawa. Namu na nan, Macrobrachium vollenhovenii, macensa kan gangara bakin teku ta saki 'ya'ya a ruwan zartsi, su tasa su hauro kogi. A 1986 aka kammala madatsar Diama a kogin Senegal, sama kaɗan da birnin Saint-Louis, don hana ruwan gishiri shiga gonaki. Hanya ta toshe, jatan lande ya ɓace a saman madatsar. Ruwa ba ya tsami banza: abincinsa dodon koɗi ne, dodon koɗi kuwa shi ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Cikin 'yan shekaru, cutar ta ɓarke a Richard Toll da ƙauyukan gefen kogi, a sha magani a koma ruwa a sake kamuwa, yara suka fi shan wuya.

Daga baya masu bincike suka killace mashayar wani ƙauye mai suna Lampsar da raga, suka zuba jatan landen a ciki. Sakamakon da suka fitar a 2015 ya nuna dodon koɗi masu ɗauke da cutar sun ragu da kashi 80 cikin 100, yawan ƙwan tsutsar a jikin mutanen ƙauyen kuma ya ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da ƙauyen da ba a zuba ba.