Jitar Mdou Moctar: Daga Wayar Birkin Keke Zuwa Fim

Masu karatu, akwai wani wuri a cikin waƙa inda mawaƙi kan yi gum da bakinsa, ya bar jita ita kaɗai ta ɗauki zancen. Wasu a nan suke tura waƙar gaba. Ni kuwa wallahi nan nake jira. Kuma idan aka tambaye ni wanda ya fi iya wannan wuri a yau, ba sai na tsallaka teku ba, gwanin nawa maƙwabcinmu ne, Buzu daga Jamhuriyar Nijar, wato Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar.

Gidansu gidan addini ne, ba su yarda da kiɗa ba. Yaro ya ga marigayi Abdallah Oumbadougou yana wasa, abin ya shiga ransa, sai ya samo katako da wayar birkin keke ya haɗa tasa jitar. Ga shi kuma bahago. Abin da zai ba 'yan fim mamaki shi ne, album ɗinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin siririyar muryar kwamfutar nan da muka saba ji a waƙoƙin finafinanmu. Bai shiga kasuwa yadda aka saba ba. Daga waya zuwa waya ya riƙa yawo ta Bluetooth da memori, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci waƙarsa a wayoyin mutane ya shiga cigiyar mai ita.

To a nan fim ya shigo. Kun san Purple Rain na Prince, wanda ya fito a 1984? Labarin matashin makaɗi ne mai babur, ga rigimar gida, ga abokin hamayya, ga budurwa. Waƙar da ke ɗauke da sunan fim ɗin ta kusa minti tara, kuma kukan jitar da ke ƙarshenta na cikin waɗanda masoya jita ba sa gajiya da ambato. Prince bai yi gaggawa ba, jan sautin yake kamar mai kiran wanda ya yi nisa. Kirkley da Mdou suka ɗauko wannan labari suka kai shi Agadas, suka yi shi da yaren Tamashek, ya fito a 2015 da suna Akounak Tedalat Taha Tazoughai. Ma'anarsa, ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Mu da ake yi wa gorin wankiyar finafinan Indiya, ga wankiya nan an yi, amma an yi mata rawani, ta zama 'yar gida!

Sai dai wadda ta fi tsaya mini a rai ba a fim take ba. Ku nemi Afrique Victime ta 2021. Waƙa ce a kan yadda aka zalunci Afirka, musamman ta'asar Faransa. Tana farawa a hankali kamar tafiyar raƙumi, muryoyi na amsawa, sai ganga ta soma ƙara sauri. Can sai baki ya mutu, jita ta ɓarke. Yatsunsa na dukan waya suna komawa kan 'yan sautuka kaɗan, yana maimaita su yana ƙara musu zafi, irin yadda mai gurmi ko mai garaya ke yi idan kiɗa ya kai intaha. Duk wanda ya tashi yana jin garaya zai gane hannun, wutar lantarki ce kawai aka ƙara. Kada ku saurara ta lasifikar waya, za ku cuci kanku.

Na san wasu za su ce ina Bombino na Agadas, wanda album ɗinsa Deran ya shiga takarar Grammy a 2019? Gaskiya hannunsa ya fi laushi da daɗin saurare da daddare. Amma Mdou ya fi tayar da tsikar jiki.

Abin da ke damuna shi ne namu sutudiyon. Fiyano ɗaya ke yin ganga, ya yi sarewa, ya yi jita, furodusa ya biya mutum ɗaya an gama. Yaushe rabon da ku ga jarumi a fim ɗin Hausa ya rungumi jita yana kaɗa ta da gaske, ba riƙe ta kawai yake yana zagaya bishiya ba? Mutumin da ya fara ɗaukar waƙa a Sakkwato yau yana cika zaure a Amurka da Turai. Daraktocinmu, waye a cikinku ya taɓa neman lambarsa?