Yinin Hutu Na Miji Da Mata: Gidan Wanka Da Tausa, Da Wanda Za A Yi A Ɗaka

 

Zancenmu na yau a kan wani abu ne da da yawanmu muke gani a fim ko a waya. Miji da mata sun ware yini guda sun tafi wani gida na musamman, an gasa musu jiki, an cuɗe su, an yi musu tausa, sun dawo gida fes kamar sababbin aure. Turawa suna kiran irin wannan gida spa. To mene ne shi, me ake yi a ciki, kuma ina matar da ke cikin kulle ta tsaya a wannan sha'ani?

Sunan dai na wani ƙaramin gari ne a gabashin ƙasar Beljiyam, mai suna Spa, inda ruwa mai ma'adinai yake ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Shekaru aru-aru masu hali na Turai suna zuwa can su sha ruwan, su yi wanka da shi don neman lafiya, har sunan garin ya bi duk wani wuri da ake irin wannan hidima. A shekarar 2021 hukumar UNESCO ta sa shi cikin garuruwan wanka 11 na Turai da ta ɗauka a matsayin kayan tarihi na duniya. Amma kada ki ɗauka abin na Turawa ne su kaɗai. Ƙasashen Musulmi suna da nasu tun tuni, wanda ake kira hammam. A birnin Istanbul na Turkiyya akwai wanda shahararren magini Sinan ya tsara, aka gama shi a 1584, kuma har yau ana wanka a cikinsa, maza da sashensu mata da nasu. A Maroko kuwa kusan kowace tsohuwar unguwa tana da hammam ɗinta, kamar yadda take da masallaci da gidan burodi. Mace za ta tafi da bokitinta da baƙin sabulun zaitun da wata safar hannu mai kaushi ta cuɗa, da wata laka da ake haƙowa a tsaunukan Atlas, ta shafe rabin yini a can tare da maƙwabtanta.

Na zamani, irin waɗanda ake samu a manyan otal-otal, tsarinsu kusan ɗaya ne. Ana kama wuri tun kafin ranar. In kun isa za a ba ku takarda ku cike: akwai juna biyu, akwai hawan jini ko ciwon zuciya, akwai man da fata ba ta so? Duk gidan da bai yi muku wannan tambaya ba, to ku yi hattara da shi. Daga nan sai ɗakin zafi. Iri biyu ne. Akwai na tururi, wanda zafinsa yake tsakanin digiri 40 zuwa 45, akwai kuma busasshe na katako da ya samo asali daga ƙasar Finlan, wanda ake kira sauna, shi yana kai digiri 80 har 100. Ki tuna zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne, shi ya sa ba a wuce minti 10 zuwa 15 a ciki. In an fito sai cuɗa, sai a ɗauraye, sai tausa ta awa ɗaya ko awa ɗaya da rabi. Na ma'aurata, gado biyu ake ajiyewa kusa da juna a ɗaki ɗaya, ma'aikata biyu suna aiki lokaci guda. Ƙarshe a kai ku wani ɗaki mai sanyi a ba ku shayi ku huta.

Amfaninsa na gaskiya ne, amma yana da iyaka. Zafi yana buɗe hanyoyin jini na fata, tsokar da ta ɗaure ta saki. Cuɗa tana kwashe matacciyar fatar sama, shi ne wannan sulɓin da ake ji. Tausa tana rage ciwon baya da na kafaɗa na ɗan lokaci, tana sa barci mai daɗi. Masu talla sukan ƙara da cewa gumi yana fitar da duk wata guba daga jiki, ko yana narkar da teɓa. Wannan kam daɗin baki ne. Hanta da ƙoda su ne masu tace jini, nauyin da ya ragu bayan gumi kuwa ruwa ne, da kin sha kofi biyu ya dawo. A ganina ma, rabin daɗin da ma'auratan nan suke ji ba daga mai ko tururi yake ba. Awa huɗu ne suka samu babu kukan yaro, babu sallama a ƙofar gida, babu waya a hannu, kowa yana kallon ɗan'uwansa.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar. Hammam na gargajiya, kamar yadda na faɗa, raba maza da mata yake yi, ko dai da sashe ko da lokaci. Ɗakin ma'aurata sabon abu ne, kuma yana zuwa da tambayar da dole a yi ta tun daga gida: wa zai taɓa wa? In ma'aikatan biyu mata ne, wata ce za ta murza jikin maigidanki a gabanki. In an kawo namiji domin shi, to ga namijin da ba muharraminki ba a ɗakin da kike kwance da tawul kawai. Ko ta ina aka juya akwai magana. Saboda haka in Allah ya hore, maigida ya ce zai kai ki, ko a nan gida ko in tafiya ta kama zuwa Masar ko Dubai ko Turkiyya, abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne kowa a yi masa nasa a sashensa, mace ta yi miki namiji ya yi masa, sannan ku haɗu a ɗakin hutawa bayan kin suturce jikinki. Wasu wuraren kuma suna ba da hayar ɗakin wanka na sirri, ku biyu kawai, babu ma'aikaci. Ko a gaban mace 'yar'uwarki akwai iyakar abin da ake buɗewa, kuma kina da damar cewa a tsallake wuri kaza. Ki duba ko tawul da zanen gado wankakku ne, ki tambaya ko ana barin mutane su shiga da waya. A wannan zamani hoto ɗaya ya isa ya ɓata sunan gida.

Wata za ta ce, ai mu ma muna da namu gyaran jikin. Ƙwarai kuwa. Dilka da halawa da turaren jiki sun zo mana daga Sudan da Chadi ta hanyar Barno, har sun zama ba a kai amarya sai da su. Halawa sukari ce da lemon tsami da ruwa, a dafa su yi danƙo a cire gashi da ita. Dilka cuɗa ce. Hayaƙin icen durot kuma yana kama jiki ya bar ƙamshi na kwanaki. Sai dai ki lura da abu ɗaya. Duk wannan mace ce take wahala domin miji ya gani ya yaba. Ita ta sha zafin halawa, ita ta zauna cikin bargo tana tsiyayar gumi, shi yana majalisa. Abin da ya burge ni a wancan tsarin shi ne su biyun ne suke hutawa tare, kowa yana karɓa. Wannan ɓangaren shi ya kamata mu ara, kuma ba ya bukatar fita ko da zaure.

Na san kunya za ta ce ina. An tashe mu a kan cewa ko sunan miji ba a faɗa, balle a ce ya zauna ya matsa miki ƙafa. Amma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta kasance tana wanka tare da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, daga mazubi ɗaya. Kin ga ke nan babu abin kunya a tsakanin ma'aurata kan wannan. Yadda za ki gabatar da maganar shi ne wayo. Kada ki tare shi da ita yana shigowa da yunwa. Ki bari ya ci ya sha, ki fara da nasa: “Maigida, na ga kwana biyu kana riƙe ƙugu, ka ba ni ranar da ba ka fita in gasa maka bayan nan.” Namiji da wuya ya ƙi wannan. In ya ji daɗi, neman ramuwa ba zai yi nauyin faɗa ba.

In kina da abokiyar zama, ki sa abin a ranar girkinki, kada hutu ya zama sanadin tashin hankali. Maigida kuma, don na san wasunku suna saurare ta bayan labule, in ka ɗauki ɗaya ka kai ta wurin biya, to ka shirya kuɗin ɗayar.

A zaɓi yini, a kai yara gidan kaka ko gwaggo, a gama girki tun da safe don kada a tashi tsakiyar hira a koma madafi. Kayan aikin duk kina da su ko suna kasuwa: baho da bokiti, tawul biyu ko uku, sabulun salo, soso mai laushi, dutsen goge ƙafa, da man kaɗanya ko na zaitun ko na kwakwa. Na cuɗa kuma ki haɗa sukari cokali 3 da man zaitun cokali 2. In mai ne ko haɗin da ba ki taɓa amfani da shi ba, ki shafa kaɗan a cikin damtse tun ana gobe ki ga ko zai yi ƙaiƙayi. A share ɗaki, a shimfiɗa leda a kan katifa a rufa da tsohon zane, a kashe waya, ko a bar ta a falo.

A fara da ƙafa, don ita ta fi sauƙin kawar da kunya. Ruwan ɗumi a baho, kowa ya tsoma nasa minti 15 ana hira, sannan a goge kaushi. Daga nan sai gashi: a tsoma tawul a ruwan zafi, a matse sosai, a gwada a hannu, a ɗora a baya da kafaɗu, in ya huce a sake. Sai cuɗa a hankali, ban da fuska da duk inda yake da ƙurji ko rauni, sai wanka. Tausa ita ce ta ƙarshe. Ki murza man a tafin hannu ya yi ɗumi tukuna. Ki fara daga kafaɗu ki gangaro, kina bin naman da ke gefe da gefen ƙashin baya, kada ki danna kan ƙashin kansa. A ƙafafu kuwa daga ƙasa ake shafowa zuwa sama. Ki riƙa tambaya ko ya yi ƙarfi, don tausar da ta sa mutum cije leɓe ta wuce gona da iri. Minti 20 ya isa, sai a juya, ke ki kwanta shi ya karɓa. Hannunsa zai yi nauyi da farko, ki gaya masa da dariya, kada ki gwasale shi ya yi zuciya. Wannan al'adar ta ɗora yaro ya tattaka baya, a bar ta.

Sharaɗi ɗaya nake roƙo a kiyaye: ban da zancen cefane, ban da kuɗin makaranta, ban da abin da ƙanwarsa ta ce ranar suna. Waɗannan suna nan suna jiran ku gobe. A ajiye ruwa mai yawa a kusa, da kankana ko lemo ko kunun aya mai sanyi, don jikin da ya yi gumi yana neman abin da zai mayar.

Saura kashedi, kuma ina so a saurara da kyau. Na farko gawayi. Muna son a rufe ƙofa da taga don turare ya kama ɗaki, amma garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai kisa, kabon monoksaid, irin wadda janareta yake fitarwa. Ba ta da launi ba ta da wari. Alamarta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mutum ya ji barci ya kwanta, wani ba ya tashi. Ki turara ɗakin kafin ku shiga, ki fitar da kaskon tsakar gida, ki bar taga a buɗe. Mai asma kuwa hayaƙin ma gaba ɗaya ta haƙura da shi.

Mai juna biyu kada ta shiga ɗakin tururi ko sauna, kada ta zauna cikin ruwa mai zafi sosai ko ta rufa da bargo a kan hayaƙi, musamman a watanni 3 na farko, domin hauhawar zafin jiki a lokacin yana iya cutar da halittar ɗan tayi. Ruwan ɗumi da shafa mai sauƙi a kafaɗa da ƙafa sun wadatar da ita. Mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba ya tambayi likita kafin ya shiga zafi. Mai ciwon suga, sau da yawa ƙafarsa ba ta jin zafi yadda ya kamata, yana iya ƙonewa bai sani ba, don haka a gwada masa ruwan da gwiwar hannu, kuma kada a kankare masa kaushi da reza. Wanda yake zazzaɓi a bari sai ya warke. In kuma kin ga sha-raɓa ɗaya ta kumbura, tana zafi tana ciwo, ko taki ko tasa, musamman bayan haihuwa ko tiyata ko doguwar tafiya, kada hannu ya taɓa ta da sunan tausa. Yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, in aka murza ya ɓalle ya tafi huhu. Wannan a ɗauki mayafi a tafi asibiti a ranar.