Hutun damina a Tahoua: Littattafai takwas da za su raka matasan Adar har zuwa kaka

Da zarar an kammala jarrabawar BEPC da BAC, makarantu sun rufe ƙofa, birnin Tahoua kan shiga wani yanayi na daban. Ɗalibai da dama kan koma garuruwan iyayensu a Kalfu, Barmu, Afala ko Takanamat, a daidai lokacin da 'yan ci-rani ke dawowa daga Abijan, Legas da Libiya domin shuka gero. Babban hutun makaranta a Nijar yana faɗowa ne cikin damina, kuma yakan kai har gab da watan Oktoba.

Hutu ne da ba a rasa aiki a cikinsa. Da safe gona ce ko taya iyaye kasuwa. Amma tsakanin azahar da la'asar, ko da dare a fada lokacin da shayi ke kan gawayi, akwai sa'o'in da yawanci wayar salula ce ke cinye su. Littafi ɗaya mai daɗi na iya karɓar wani kaso na wannan lokaci.

Littattafai takwas ɗin da ke ƙasa, biyar da Hausa aka rubuta su, uku kuma ana samunsu da Faransanci. Abin da ya haɗa su shi ne kowanne yana riƙe mai karatu, kuma yana taɓo abin da gidajen Adar suka sani sarai: tafiya da dawowa, aure, kan iyaka, da tarihin ƙasar.

Ruwan Bagaja: a fara da dariya

Wanda ya daɗe bai buɗe littafi ba sai na jarrabawa, ya fara da wannan. Abubakar Imam ya rubuta shi ne domin gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934. Gajere ne, ana iya gama shi cikin yini biyu.

Labarin Alhaji Imam ne, wanda ya bar gida neman wani ruwa mai warkarwa da mutane ke ganin tatsuniya ce kawai. A hanya ya yi ta gamuwa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, kowa na shirya wa ɗan'uwansa gadar zare, yau wannan ya yi nasara, gobe wancan ya rama. Fiye da shekara casa'in ke nan da fitowarsa, amma barkwancinsa bai tsufa ba. Ya fi daɗi idan mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi saura suna saurare. Wanda ya ji bai ƙoshi ba, Magana Jari Ce na marubucin na jiransa, littafi uku cur.

Abboki: ɗan Tahoua da ya rubuta labarin ci-rani

Idan akwai littafin da ya kamata a ce kowane matashin Adar ya san sunansa, to Abboki ou l'appel de la côte ne. Marubucinsa, Mahamadou Halilou Sabbo, haifaffen Tahoua ne, ya yi aikin koyarwa kafin ya shiga harkokin gwamnati. Littafin ya fito a 1978, 'yan shekaru bayan babban farin da ya addabi Sahel a farkon shekarun 1970.

Sunan littafin kaɗai ya isa bayani. Kalmar "aboki" a Hausa ta zumunci ce, amma a biranen bakin teku ta zama laƙabin da ake kiran ɗan arewa da shi, mai shayi ne, mai gadi ne ko ɗan dako, sau da yawa ba don girmamawa ba. Halilou Sabbo ya bi sawun matasan karkara da ke amsa kiran ƙasashen gaɓar teku da fatan dawowa da arziki, ya nuna abin da ke jiransu a can, da kuma ratar da ke tsakanin labarin da ake kawowa gida da rayuwar da aka yi a zahiri.

Adar na cikin yankunan da suka fi fitar da 'yan ci-rani a Nijar. Ƙasar duwatsu ce, noman damina sau da yawa ba ya kai gida har shekara, shi ya sa da an gama girbi samari kan kama hanya. A wasu ƙauyuka, da rani sai mata, tsofaffi da yara. Kuɗin da ake aikowa su ne ke cika rumbu, su biya sadaki, su gina ɗaki. Don haka babu mai cewa a daina tafiya. Amma saurayin da ke lissafin kuɗin mota a wannan daminar zai amfana idan ya ji labarin daga bakin ɗan garinsu, wanda ya rubuta shi tun kafin a haifi mahaifin wasu daga cikinsu.

Shaihu Umar: hanyar Libiya tun kafin mota

Abubakar Tafawa Balewa, wanda daga baya ya zama firaministan Najeriya na farko, yana malamin makaranta ya rubuta wannan littafi, shi ma a gasar 1933. Wani babban malami ne ke ba almajiransa labarin rayuwarsa: yadda aka sace shi yana ƙaramin yaro, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, har wani Balarabe ya ƙetare Sahara da shi.

Sashen da ya fi sosa zuciya shi ne na mahaifiyarsa. Ta fita neman ɗanta, ita ma aka mayar da ita baiwa, aka bi da ita ta Murzuk har Tarabulus. Waɗannan sunaye ba baƙi ba ne a Tahoua. Hanyar da ayarin raƙuma ya bi a wancan zamani, kusan ita ce motoci ke bi yau daga Agadas, kuma har yanzu akwai uwayen da ke zaune da waya a hannu suna jiran kira daga Libiya. Littafin ba shi da hayaniya, a natse yake tafiya. An mayar da shi fim a 1976 ƙarƙashin jagorancin Adamu Halilu.

Sarraounia: tarihin da ya ratsa ta Ƙonni

Abdoulaye Mamani, ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba da ya yi shekaru yana gudun hijira, ya wallafa Sarraounia a 1980. Ya gina shi ne kan abin da ya faru a 1899, lokacin da rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar tana ƙone garuruwa, har ta iso Lugu a yankin Dogon Dutsi, inda Sarauniya Mangu da mutanenta Azna suka ƙi miƙa wuya.

Ga mutanen jihar Tahoua, labarin na gida ne. Bayan Lugu, rundunar ta nufo gabas, kuma a watan Mayun wannan shekara ta yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashin da har yau ake ambato. Ƙagaggen labari ne, marubucin ya ƙara gishiri inda ya ga dama, don haka kada a ɗauke shi a matsayin littafin tarihi. Mai son tantance abin da ya faru a yankin kafin zuwan Turawa sai ya nemi aikin Djibo Hamani kan tarihin Adar, masanin da jami'ar Tahoua ke ɗauke da sunansa. Fim ɗin da Med Hondo ya yi daga littafin Mamani ya lashe babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987.

In Da So Da Ƙauna: soyayya tsantsa

Ba kowace rana ce ta tarihi da yaƙi ba. Wanda yake son labarin da zai hana shi barci don son jin ƙarshe, ga na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a Kano a 1991, ya kuma zama ɗaya daga cikin littattafan soyayya da suka fi yin suna a ƙasar Hausa.

Sumayya 'yar masu hali ce, Muhammad kuma talaka. Akwai wani mai kuɗi, Abdulƙadir, da wasu a cikin dangi suka fi so. Tsohon zance ne, amma bai mutu ba. A garin da saurayi ke shekara biyu ko uku a waje don tara kuɗin aure, tambayar ko so ne gaba ko abin hannu ba ta buƙatar dogon bayani.

Wa Zai Auri Jahila?: na 'yan mata, amma iyaye maza su fara karantawa

Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da kimanin shekara 13. Daga baya ta koma karatu da kanta, ta zama ɗaya daga cikin fitattun marubuta mata na Hausa. A wannan littafi na 1990 ta kawo labarin Abu, yarinyar da mahaifinta ya raba da aji. Saurayin da take sa rai ya guje ta saboda ba ta yi karatu ba, aka aurar da ita ga wani dattijo, Sarkin Noma. Ta gudu zuwa Kano, ta sake rayuwa daga tushe.

Nijar na sahun gaba a duniya wajen aurar da 'yan mata kafin su kai shekara 18, kuma dogon hutu na daga cikin lokutan da ake yanke irin wannan shawara. Akwai kujerun da za a tarar babu kowa a kansu idan aka koma aji a watan Oktoba. Balaraba ba ta yin wa'azi, labari take bayarwa, da fushi da dariya a cakuɗe. Wanda ya ji daɗin salonta ya nemi Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012.

Turmin Danya: labarin kan iyaka

Sulaiman Ibrahim Katsina ya wallafa shi a 1982. Jigonsa wani attajiri ne, Alhaji Gabatari, da ya tara dukiya ta hanyar fasa-ƙwauri, yana sayen duk jami'in da ya tsaya masa a gaba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Ƙonni zuwa Illela da Sakkwato, ya ga yadda kaya da man fetur ke kai-komo, zai karanta shi yana gyaɗa kai. Hausarsa mai kauri ce, kuma yana nuna cewa tun kafin littattafan kasuwar Kano su yi tashe, marubutan Hausa na tunkarar cin hanci gaba da gaba.

Né un mardi: Sakkwato ta idon almajiri

Na ƙarshe shi ne mafi nauyi, a ajiye shi sai an saba. Elnathan John, ɗan Kaduna, da Turanci ya rubuta shi da sunan Born on a Tuesday, aka fassara shi zuwa Faransanci a 2018. Sunan ya fito ne daga na jarumin, Ɗantala, almajirin da rikicin zaɓe ya koro zuwa Sakkwato, ya sami mafaka a wani masallaci, ya kuma ga yadda tsattsauran ra'ayi ke tsirowa a hankali tsakanin mutanen da ya sani. A yankin da matsalar tsaro ta taɓa ɓangarorin arewa da yammacinsa, littafin na taimakawa wajen fahimtar yadda ake jan yaro talaka zuwa inda bai yi niyya ba.

Karatun Hausa ga wanda ya yi makarantar Faransanci

A watan Maris na 2025, sabuwar dokar ƙasa da hukumomin Yamai suka ƙaddamar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka zama harsunan aiki. Sai dai matasa da yawa da suka tashi da Hausa a baki, da Faransanci suka koyi karatu, kuma shafin farko na littafin Hausa kan yi musu tsauri.

Wahalar ba ta wuce ta 'yan shafuka. Harafin "c" shi ne sautin da aka saba rubutawa "tch", "u" kuma shi ne "ou". Sai haruffa masu ƙugiya, ɓ, ɗ da ƙ, waɗanda ke bambanta ma'ana, kamar tsakanin "baki" da "baƙi". Littattafan Najeriya na rubuta 'y inda Nijar ke rubuta ƴ. Hausar Kano da ke cikin yawancinsu ta ɗan bambanta da Adaranci, amma duk wanda ke kallon finafinan Kannywood kunnensa ya riga ya saba.

Yadda za a same su

Littattafan Hausa daga Kano da Zariya suke fitowa, kuma mai zuwa Sakkwato ko Maraɗi na iya riƙo su a matsayin tsaraba. Na Faransanci, musamman Abboki, sun fi wuyar samu. A tambayi tsofaffin malaman makaranta, ɗakunan karatu, ko masu sayar da tsofaffin littattafai a Yamai. 'Yan ci-rani da ke Turai ko Abijan na iya yin odarsu, su aiko gida tare da sauran saƙo.

Kwafi ɗaya ya ishi fada guda idan ana ba juna aro, ko ana karanta babi ɗaya kowane dare. Ta haka wanda bai yi makaranta ba shi ma yana da rabo. Ana samun wasu littattafan Hausa an karanta su da murya a YouTube, wasu kuma na yawo a WhatsApp, sai dai yawancin irin waɗannan kwafi ba da izinin marubuci suke fita ba. Wanda ke da hali ya saya, domin da kuɗin mai karatu ake buga littafi na gaba.

Abin lura a wannan jeri shi ne, littafin ɗan Tahoua da Faransanci yake, na Hausa kuwa duk daga tsallaken iyaka suka zo. Labarin matar da mijinta ya shekara biyar a Libiya, ko na yaron da ya san mahaifinsa ta kiran bidiyo kawai, na jiran wanda zai rubuta shi da Hausar Adar. Tun 2016 sashen Hausa na BBC ke gudanar da gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata, kuma marubuta da dama a yau a waya suke fara rubutu. Wata uku na hutu sun isa a karanta littafi takwas, sun kuma isa a rubuta babin farko.