Na'urorin da ke shinshino gobara a mahaƙar kwal tun kafin wuta ta kama

A ranar 13 ga Mayun 2014 gobara ta tashi a wata mahaƙar kwal da ke garin Soma na ƙasar Turkiyya, mutum 301 suka mutu. Mafi yawansu wutar ba ta ko taɓa su ba. Iskar kabon monoksaid ce ta bi hanyoyin ƙarƙashin ƙasa ta cim musu, iskar da ba ta da launi, ba ta da wari, wadda jinin mutum ke kamawa fiye da yadda yake kama oksijin sau sama da 200.

Wannan iskar mai kisa ita ce kuma ke fara tona asirin gobara, kwanaki ko makonni kafin a ga hayaƙi.

Kwal ba ya buƙatar ashana kafin ya kama. Da zarar an fasa shi iska ta taɓa shi, sai ya fara shan oksijin a hankali yana fitar da ɗan zafi. Inda iska ke kaɗawa sosai, zafin yakan tafi da ita. Matsalar tana wuraren da aka gama haƙa aka bari, inda rufi ya rufta a kan ragowar kwal: iskar da ke shiga ta isa ta ciyar da ɗumin, amma ba ta isa ta sanyaya shi ba. Zafi na ƙaruwa, shan oksijin na ƙara sauri, har kwal ya kama da kansa a inda ba mai iya shiga ya duba. Tun yana ɗumi-ɗumi yake sakin kabon monoksaid. In zafin ya haura na tafasar ruwa, sai wasu iskoki irin su haidurojin da etilin su fara bayyana. Wanda ya iya karanta wannan jeri zai iya ƙiyasta zafin wurin da idonsa bai gani ba.

Na'urar farko mai rai ce. Masanin Birtaniya John Scott Haldane ne ya ba da shawarar shiga rami da ƙananan dabbobi, domin gubar tana kayar da su kafin mutum, kuma kanari ya riƙe wannan aiki a mahaƙun Birtaniya har 1986, lokacin da na'urorin lantarki suka karɓe shi.

Yau aikin ya rabu. Akwai 'yar na'urar da mahaƙi ke maƙalawa a jiki, girmanta bai wuce na waya ba. A cikinta akwai wani ƙaramin ɗaki mai sinadari wanda ke haifar da 'yar wutar lantarki idan kabon monoksaid ya shiga, yawan wutar shi ne yawan iskar. Akwai kuma masu auna iskar mitan, wadda ke fashewa idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wuri. Wasunsu da zaren filatinam mai zafi suke aiki, wasu kuma da hasken infirared, wanda mitan ke shanye wani ɓangarensa. Waɗanda aka kafa a bango suna aika lambobinsu kai tsaye zuwa kwamfutar ɗakin sa ido a sama. Duk an ƙera su ne yadda ba za su iya fitar da tartsatsi ba, shi ya sa ma wayarka, komai tsadarta, ba za a bar ka ka shiga irin wannan rami da ita ba.

Wadda ta fi burge ni ita ce mafi ƙarancin ado: dogayen bututan roba da aka shimfiɗa na tsawon kilomitoci, famfo a sama yana zuƙo iska daga lunguna daban-daban zuwa injin tantancewa. Tana da nawa, domin iskar kan ɗauki mintuna masu yawa, wani lokaci fiye da awa, kafin ta iso. Amma ba ta buƙatar lantarki a ƙasa, tana kaiwa wuraren da aka toshe, kuma in bututun bai yanke ba tana ci gaba da ba da labari ko bayan fashewa.

Lamba ɗaya dai ba ta isa hujja ba. Injin dizal na fitar da kabon monoksaid, nakiyar fasa dutse ma haka, kuma ƙara ƙarfin fanka kan tsarma iskar har lambar ta sauka alhali kwal na ci gaba da ɗumama. Saboda haka injiniyoyi ke amfani da lissafin Graham, wanda ke kwatanta kabon monoksaid da aka samu da yawan oksijin da ya ɓace. A ƙa'idar da aka saba, ƙasa da 0.4 lafiya ne, 1 alamar ɗumama ce, 3 kuwa wuta ta riga ta kama. Kowace mahaƙa tana da nata ma'aunin yau da kullum, don haka abin lura shi ne inda layin ya dosa a tsawon kwanaki.

A nan ne aka sha yin asara. A mahaƙar Moura ta 2 da ke jihar Queensland ta Ostireliya, ɗumamar kwal a wani sashe da aka toshe ta kunna mitan a watan Agustan 1994, mutum 11 suka rasu. Mahaƙar tana da bututan zuƙo iska, kuma binciken da aka yi ya gano cewa alamun sun bayyana, ba a ɗauke su da muhimmancin da ya kamata ba. Bayan haka ne aka tsaurara doka a jihar. Yanzu mahaƙun can suna da rubutaccen tsari: in lamba ta kai mataki kaza a ƙara aunawa, in ta kai kaza a kwashe kowa, ba sai an jira ra'ayin manaja ba.

Wannan fasaha ta fi kusa da kai fiye da yadda kake zato. Kabon monoksaid ɗin da ya kashe mahaƙan Soma shi ne ke fita daga janareta da kaskon gawayi, shi ne ke kashe iyalai cikin barci idan an kunna su a rufaffen ɗaki. 'Yar ƙararrawar gida mai batir da ake sayarwa don wannan iska tana amfani da irin sinadarin da ke cikin ta mahaƙi. Wayar salula ta yau da kullum ba ta da shi, don haka duk manhajar da ta ce za ta auna maka iskar da waya kaɗai, goge ta. Ita kuma ƙararrawar, duba bayanta kafin ka biya: sinadarin yana tsufa, kuma masu ƙerawa sukan rubuta shekarar da za ta daina aiki.