Daga Zauren Majalisa Zuwa Kujerar Shari'a

A matsayina na mai nazarin harshe, na daɗe da lura cewa ɗan majalisa da harshen sasanci yake magana, alƙali kuwa da na yanke hukunci. Marigayiya Sandra Day O'Connor ta Amurka ta haɗa biyun. Ta shiga Majalisar Dattawan Jihar Arizona a 1969, ta shugabanci masu rinjaye a 1973, ta zama mai shari'a a 1975. A 1981 Shugaba Reagan ya naɗa ta Kotun Ƙoli, mace ta farko a tarihin kotun. Har ritayarta a 2006, sau da dama ƙuri'arta ke raba gardama. A ganina, majalisa ce ta koya mata sauraren abokin hamayya kafin ta zartar da hukunci.